Fumfuna a Kwalbar Gwaggo

Watana na farko a Manchester kilishina ya yi fumfuna. Ni da aka turo daga Kano in yi digiri na uku a kan fumfunar da ke lalata gyaɗa a rumbu, ni ce na buɗe akwati wata safiya na tarar kilishin da mahaifiyata ta naɗe min a takarda ya fid da farin gashi. Na zauna bakin gado na yi wa garin tas, shi da ruwansa da ba ya sauka ya wuce kamar ruwan kirki, sai dai ya yini yana yayyafi. A gida abin da muke tsoro shi ne abu ya bushe ya ƙandare. A nan komai laushi yake yi. Yaji ya dunƙule, kuka ta cure, bangon banɗakina a unguwar Hulme ya yi baƙi ta kusurwa duk yadda na goge. Na kira Gwaggo a Birmingham ina ƙorafi, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke da kika zo karatun abin? Ai ga malamai nan sun biyo ki har ɗaki."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ta fi shekara ashirin a unguwar Handsworth ta Birmingham, a irin dogayen gidajen nan na jan bulo da suke manne da juna. Mijinta injiniya ne, ita kuma tana koyar da ƙananan yara a wata firamare. Gajera ce, maganarta a hankali, amma ban taɓa ganin wanda ta ce wa zauna ya ci gaba da tsayuwa ba. Kuma ba ta yar da kwalba. Ta zuma, ta jam, ta mayonis, duk sai ta wanke ta kife, ta zuba man shanu ko yaji ko daddawa ta aika wa mutane. Sharaɗinta ɗaya ne: ka cinye abin da ke ciki, kwalba kuma ta dawo gida. Duk Bahaushen da ya yi karatu tsakanin jami'ar Aston ta Birmingham da Manchester a shekarun nan ya san wannan doka.

Ɗanta na fari yana da sikila. A Birmingham aka haife shi, Turancinsa irin na garin ne, mai jan magana ta hanci, Hausarsa kuwa in ya yi sai na riƙe ciki. Taubashina ne, don haka tsokanarsa halal ce a gare ni. Ina ce masa Bature, yana ce min Malamar Fumfuna. Shekarata ta biyu ya samu gurbin karatu a Manchester, ya kama ɗaki a Hulme, tafiyar ƙafa daga wurina. Siriri ne dogo, idonsa da ɗan rawaya, mai son dariya, kuma ko ƙashinsa zai karye ba za ka ji ya ce wash ba.

Gwaggo ba ta faɗin sunansa. Ɗan fari ne, ita kuma irin matan nan ne da suka taho da alkunyarsu a akwati, ba su bar ta a filin jirgi ba. In ta kira ni sai ta gama tambayar karatu da sanyi da malamina, sannan can ƙarshe, kamar abin da ta tuna a hanya, ta ce, "Mutumin naki yana cin abinci kuwa?" Ƙannensa mata biyu tana rungumarsu a gaban kowa, tana musu kitso tana zolayarsu. Shi kuwa in ya shigo sai ta kau da kai ta ce akwai tuwo a kula. Mu da muka tashi a gida mun san fassarar wannan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko yaron da ya tashi a Handsworth ya san fassarar ba.

Wata Asabar da la'asar, cikin bazararsu da ba ta da bambanci da damina, ya buga min ƙofa. Ya shigo yana ɗan jan ƙafar dama, ya ajiye jakar baya, ya fiddo kwalba mai jan murfi, ɗaya daga cikin kwalaben Gwaggo.

"Yaya, don't shout, yeah? Kawai ki duba min wani abu."

Na ɗauka man shanu ne ya lalace. Kalar ta yi kama, sai dai wannan ya fi duhu, kamar zumar da ta daɗe. Samansa ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya ɗan kwanta a wani rami da cokali ya bari, a jikin kwalbar ta ciki kuma ga gumi. Da na buɗe murfin ban buƙaci kowa ya gaya min ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran bas a Hulme ya san warin wiwi, wannan kuma kamar an tara warin titi guda an cusa a kwalba.

"Me zan gani haka?" na ce.

Ya ce man wiwi ne, shi ya haɗa da kansa, wani ɗan ajinsu ya nuna masa. Ban tambaye shi yadda ake yi ba, har yau ban sani ba, ba na kuma son sani. Damuwarsa daban ce. Wai da farko abin da tauri yake kamar alewa, har haske na ratsa shi. Bayan 'yan makonni ya saki, ya koma danƙo, yana bin yatsa. Daga nan ya yi wannan tsaki-tsakin, ya fara tsattsafo da ruwa. Ya sa a firji, ya fitar, ya mayar, kullum ƙara lalacewa yake. Tunda ni ce mai ilimin danshi, in gaya masa inda ya kuskure.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa maganganu, wasu da Hausa don kada ya gane duka. Na ce shekarun da na yi ina leƙa madubin ƙara girma ban yi su don in zama mai gyara wa ɗan Gwaggo kayan maye ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya zauna a kujera a hankali, yadda tsofaffi suke zama, ya dafe ƙugu.

"I'm not getting high, Yaya. Barci nake so."

Ya ba ni labari. Tun da ya zo Manchester ciwon ya tashi masa sau da yawa, a ƙugu da ƙafafu. Karo na farko ya je asibiti, sashen gaggawa. Ya daɗe a kujera yana murƙususu, da ya faɗi sunan allurar da ake masa tun yana yaro da yawan da ake ba shi, sai ya ga fuskar wanda ke tambayarsa ta canza. Saurayi baƙar fata, ya san sunan magani mai ƙarfi, yana nema. An duba shi daga baya, amma kallon nan ya fi masa ciwon ƙugun zafi. Ya rantse ba zai koma ba. Magungunan da yake da su a gida sun daina isarsa. Wannan abin na kwalba shi ne yake sa ya runtsa.

"Gwaggo ta san ciwon yana tashi?"

"Umma ba ta son raki," ya ce. "You know what she's like."

Na ɗauki kwalbar na kai bakin taga, na karkata ta ga haske. Abin da nake tsoro yana nan. A gefe, daidai inda gumin ya taru, wani lallausan gashi ruwan toka ya fito, bai kai faɗin farce ba. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Na ce masa ya zo ya gani. Na gaya masa ruwa ya shiga abin, kuma a garin nan duk inda ruwa ya zauna fumfuna za ta same shi. Mai lafiya in ya shaƙi ƙwayoyinta jikinsa yakan ture su. Mai sikila saifarsa ba ta aiki kamar ta kowa, kuma ya fi ni sanin cewa ciwon da aka fi ji wa irinsu tsoro shi ne na ƙirji. Shi kuma wannan abin zuƙarsa yake yi, kai tsaye zuwa huhu.

"In na kankare saman fa?"

"Abin da ka gani a sama fure ne, saiwar tana ciki. Ba ya gyaruwa. Ka zubar."

Ya ce to. Na ce kuma sai ya gaya wa Gwaggo ciwon yana tashi, in bai gaya mata ba ni zan gaya mata. Ya roƙe ni in bari ya gama jarrabawa. Na yarda, na raka shi bakin ƙofa, na tsaya ina kallonsa yana jan ƙafa har ya sha kwana. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

Kafin jarrabawar ta zo aka yi suna a gidan wani ɗalibi ɗan Zariya da matarsa ta haihu, Gwaggo ta hau mota ta zo Manchester da kulolin waina. Bayan an watse ta ce in raka ta ɗakin mutumin nawa ta kwashi kwalabenta. Yana laburare, abokin zamansa ya buɗe mana. Ta shiga kicin kamar nata, ta buɗe kabad, ta buɗe firji, tana tsaki saboda datti, tana jefa kwalabe a jaka ba tare da ta duba cikinsu ba. Ni ina can ina wanke masa kofuna. A zuciyata kwalbar nan ta daɗe a bola.

Ranar Laraba ta kira ni. Babu tambayar karatu, babu ta sanyi. "Asabar ki zo," ta ce. "Ke kaɗai."

Na hau jirgin ƙasa na tafi Birmingham. Na same ta a kicin, 'yan matan sun tafi islamiyya, mijinta Alhaji ya fita. Kwalaben duk an wanke an kife a kan tawul, ban da ɗaya. Mai jan murfin tana tsakiyar tebur, an shimfiɗa mata jarida a ƙasa.

Ta zuba min shayi tukuna. Sannan ta ce da ta buɗe, faɗa ta fara yi ita kaɗai, wai wane irin yaro ne zai bar man shanu ya sha ruwa haka, man da ta soya da hannunta. Sai warin ya iso ta. "Shekara nawa ina hawa bas a unguwar nan," ta ce. "Ba sai an kira min malami ba."

Na shirya wa kuka, na shirya wa salati da tafa hannu, na shirya wa a tambaye ni tun yaushe na sani. Gwaggo ta juya kwalbar ta nuna min gefen da ɗan yatsa. Gashin ya ninka yadda na gan shi, ya fara yin kore.

"Wannan da ya fito, in ya shaƙa, me zai yi masa?"

Tambayarta ta farko ke nan. Na gaya mata gaskiya, yadda na gaya masa. Ta saurara, ba ta katse ni ba. Ta tambayi alamomin da za a gani in ya taɓa huhu, na lissafa mata, ta ce ranar suna ta ji muryarsa a waya babu tari. Sai ta ɗaga kwalbar daidai idonta, yadda take duba yaji in tana son sanin ko 'yan matanta sun yi ɓarna.

"Kin ga zoben nan na sama? Nan ya cika ta. Kin ga inda take yanzu." Ta ajiye. "Wannan yaron ko maganin zazzaɓi sai an yi da gaske yake sha. Ko lemo mai gas ba ya sha. In har ya ci rabin wannan ƙazantar, to kwana nawa ya yi bai yi barci ba?"

Ni da nake da na'urori a ɗakin gwaji, fumfuna na gani a kwalbar. Ita ta ga fumfunar, ta kuma ga dararen da ya yi shi kaɗai.

"Haram ne, na ƙi jinin abin nan, kuma ba zai sake shiga jikinsa ba in ina numfashi," ta ce. "Amma ba ɗan shaye-shaye na haifa ba. Mara lafiya na haifa." Sai a lokacin ta tambaye ni abin da ya gaya min. Na faɗa mata duka, da kujerar asibiti, da kallon da aka yi masa. Da na zo kan maganar raki na so in tsallake, ta lura, ta ce in faɗa yadda ya faɗa. Na faɗa. Ta tashi ta buɗe famfo ta wanke kofin da yake a wanke.

Alhaji ita ta gaya masa da bakinta, a ranar, ina falo ina jiyo su. Mutumin kirki ne, amma abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne masallaci da mutanen gari, da abin da za a ce in aka ji ɗan wane yana dafa wiwi a Manchester. Muryarsa ta hau. Tata ba ta hau ba. Na ji ta ce, "Alhaji, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mutanen da kake faɗa, wa ya taɓa kwana da shi a asibiti a cikinsu?" Da ya fito ya amsa gaisuwata idonsa ja, ya ɗauki makullin mota ya ce zai je ya taho da shi.

Ban ga haɗuwarsu ba, na koma Manchester a daren. Abin da na gani shi ne na mako biyu bayan haka, da Gwaggo ta matsa aka ba su ganin likitar jini da ke duba shi tun yana ƙarami, a nan Birmingham. Ta ce in zo, wai ko za a yi Turancin da ya fi ƙarfinta, ita da take koyar da 'ya'yan Turawa karatu. Muka hau bas mu uku. Shi yana gefen taga ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ko kallona ba ya yi. Ita ta rungume jakarta a cinya da hannu biyu. Muna tsakiyar hanya na ji wani wari da na sani yana tasowa a hankali.

"Gwaggo," na raɗa mata, "me ke cikin jakar nan?"

"Kwalbata."

"A bas? In aka kama mu fa?"

"Wa zai buɗe jakar tsohuwa mai hijabi? Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Dariya ta taso min, tsoro ya danne ta. Bature ya ƙara nutsewa cikin hularsa.

Likitar dattijuwa ce mai furfura, ta san shi tun yana zuwa da motar wasa a hannu. Ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, kamar kullum. Gwaggo ta buɗe jaka, ta warware ɗankwalin da ta naɗe kwalbar da shi, ta ajiye ta a kan tebur tsakanin kwamfuta da kofin alƙaluma. Ta yi magana da Turancinta na aji, kalma bayan kalma. Ta ce ɗanta ya haɗa wannan da kansa saboda yana tsoron zuwa asibiti. Ta ce ruwa ya shiga, ya yi fumfuna, ga 'yar wanta nan ta karanci abin, a tambaye ta. Ta ce tana so a duba ƙirjinsa yau. Sannan tana so a gaya mata abin da za a yi wanda zai sa kada ya sake zama shi kaɗai a ɗaki yana dafa wa kansa magani.

Da ta ce ɗanta, sunansa ta haɗa da shi. Cikakken sunan, wanda aka raɗa masa. Ban taɓa jinsa a bakinta ba, kuma daga yadda ya ɗago kai na gane shi ma haka.

Likitar ta dubi kwalbar, ta dube shi. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta tambaye shi sau nawa ciwon ya tashi, wannan karon ya faɗi gaskiya, yana faɗa Gwaggo tana kallon bango. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Allah ya rufa asiri, huhun lafiya lau. Aka canza masa magunguna, aka haɗa shi da masu kula da irinsu a Manchester, inda zai iya kira ya je kai tsaye da rana ba sai ya zauna a kujerar gaggawa yana rantsuwa ba. Kwalbar kuwa, likitar ta sa safar hannu ta ɗauke ta. Gwaggo ta bi ta da ido har aka fita da ita, na san abin da ke ranta, na ce, "Gwaggo, wannan dai a yafe ta." Ta harare ni.

A hanyar komawa ba mu hau bas nan da nan ba. Ta ce ƙafarta ta gaji, muka zauna a wani benci a harabar asibitin, ita a tsakiya. Yayyafi ya ɗan tsagaita. Ta daɗe tana gyara bakin hijabinta, sannan ta yi magana tana kallon gabanta.

"Wa ya ce maka ba na son raki?"

Ya ƙara jan hularsa. Ta maimaita.

"You always left," ya ce. Ya sake da Hausa, a hankali, yana neman kalmomin. "In ina kuka, a ward, kina fita. Kullum. Sai nurse ta zauna. In na yi shiru sai ki dawo."

Na ga hannunta ya tsaya a kan hijabin. Ta ce, "Fita nake in yi nawa kukan a baranda. Uwata ba ta taɓa kuka a gaban yayanmu ba, ko sunansa ba ta faɗa har ta rasu. Haka na tarar ana yi. Ina jin kunya a ga ina rawar jiki a kan ɗan fari, kuma ba na so ka ga fuskata ka tsorata. Sai in wanke ido in dawo."

"I was seven, Umma. Na ɗauka in na yi shiru ne kike dawowa."

Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Na san mata da yawa da a wannan gaɓar za su kare kansu, su ce ai al'ada ce, ai tarbiyya ce, ai yaran Turai ba su san komai ba. Da ni ce ma wataƙila haka zan yi, don bakina ba ya karɓar laifi da wuri. Gwaggo ta juya ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"To na yi kuskure," ta ce. "Abin da na gada na gida ne, can kowa ya san ma'anarsa, ga kakanni ga gwaggwanni da za su rungume ka a madadina. Na kawo shi inda ba ka da kowa sai ni, ban kuma fassara maka ba. Ka yafe min."

Tun daga ranar nake ganin girmanta fiye da da, kuma da ma ba ƙaramin girma nake ba ta ba. Mace ta haura hamsin, ta ɗauki abin da uwarta ta bar mata, ta juya shi ta ga inda ya cuci ɗanta, ta ajiye a bainar jama'a a kan benci, ba tare da ta zagi uwarta ko ta zagi kanta ba. Bature ya cire hular, ya ce yunwa yake ji, muka tashi muka nemi bas.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Sikila ba ta san an yi sulhu ba. Alhaji ya yi watanni yana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ni da Bature mun yi 'yar gaba, shi yana ganin da ban tsorata shi ba da ya ɓoye kwalbar da kyau, ni ina ganin ƙarya ya yi min da ya ce to. Muka shirya a kan farantin shinkafa, don taubasai ba sa iya dogon fushi. Gwaggo kuma ba ta koma rungumarsa a gaban mutane ba, tsufa ya riga ya kama hali. Sai dai in ta kira ni yanzu ba ta tambayata ko yana cin abinci, shi take kira.

Da sanyi ya shigo sosai ciwon ya tashi masa, mai tsanani. Ina ɗakin gwaji da rana saƙonta ya shigo, wai tana cikin jirgin ƙasa, ta kusa Manchester, in same ta a asibiti. Na tambaye ta wa ya gaya mata, don ni ban ma sani ba. Ta ce shi ya kira ta.

Na isa bayan la'asar. Tun daga baranda na jiyo shi. An sa masa ruwa, an yi masa allura, amma ba ta gama kama shi ba, ƙaton saurayi yana kuka da murya, yana kiran Umma, yana cewa ƙafarsa, ƙafarsa. Wata nas ta zo za ta ja labule, ta ce wa Gwaggo cikin ladabi in tana so ta ɗan fita ta sha iska za su kula da shi. Gwaggo tana zaune a bakin gadon, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana matsawa, hawaye na bin fuskarta har haɓa, ba ta share ba. Ta gode wa nas ɗin ta ce nan za ta zauna.

Na matsa kusa na dafa kafaɗarsa, na fara ce masa ya yi haƙuri, ya daure, irin abin da baki ya saba faɗa. Gwaggo ta ɗaga min hannu.

"Kada ki ce ya daure," ta ce. "Ya daure ya isa. Bar shi ya yi, ina ji."